Shekara Shida Saboda Saƙo Ɗaya: Tarihin Tsare Alaa Abdul Fattah a Masar

A ranar 6 ga Yuni, 2010, wasu 'yan sanda biyu cikin farin kaya suka shiga wani shagon intanet a unguwar Sidi Gaber da ke birnin Iskandariyya, suka fito da wani matashi ɗan shekara 28 mai suna Khalid Sa'id, suka yi ta dukansa a gaban jama'a har rai ya yi halinsa. Hukuma ta ce ƙullin tabar wiwi ya haɗiye ya shaƙe shi, amma hoton gawarsa da danginsa suka ɗauka da wayar hannu ya nuna fuskar da aka farfasa, kuma cikin 'yan kwanaki hoton ya ratsa Masar daga wannan waya zuwa waccan. Aka buɗe shafi a Facebook da sunan mamacin, wanda daga baya aka gane cewa wani ma'aikacin kamfanin Google, Wael Ghonim, yana cikin masu gudanar da shi a ɓoye. Daga wannan shafi da ire-irensa kiran fitowa zanga-zanga na ranar 25 ga Janairu, 2011 ya bazu. A ranar 28 ga watan gwamnati ta katse intanet a faɗin ƙasar, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin a ranar 11 ga Fabrairu Shugaba Hosni Mubarak ya sauka bayan kusan shekara 30 a kan mulki. Matasa sun fita daga Dandalin Tahrir da yaƙinin cewa rubutu a waya yana iya kayar da gwamnati, su ma jami'an tsaro sun fita da wannan yaƙini, kuma sun fi matasan riƙe shi.

Cikin waɗanda suka cika dandalin a kwanakin ƙarshe akwai Alaa Abdul Fattah, wanda ya baro aikinsa na haɗa manhajar kwamfuta a Afirka ta Kudu ya dawo gida. An haife shi a Alƙahira ranar 18 ga Nuwamba, 1981, a gidan da ya san ƙofar kurkuku tun yana ƙarami. Mahaifinsa, Ahmad Saif al-Islam, ya sha azaba a hannun jami'an tsaro, ya yi shekara biyar a ɗaure cikin shekarun 1980, kuma a can ya karanci shari'a, ya fito ya zama ɗaya daga cikin manyan lauyoyin kare haƙƙin ɗan Adam a ƙasar. Mahaifiyarsa, Laila Soueif, farfesa ce ta lissafi a Jami'ar Alƙahira, an haife ta a Landan a 1956 lokacin da iyayenta suke karatu a can, abin da zai yi tasiri a labarin ɗanta bayan shekara sittin da biyar. Alaa da matarsa ta lokacin, Manal Hassan, suna cikin na farko-farko da suka buɗe shafin rubutu na intanet a Masar, suka kuma taimaka wa wasu da dama suka buɗe nasu, a zamanin da jaridu da rediyo da talabijin ke ƙarƙashin idon gwamnati. A watan Mayu na 2006 aka kama shi wajen zanga-zangar goyon bayan alƙalan da ke neman cin gashin kai, ya yi kwana 45 a tsare. Wannan ne karo na farko, ƙarƙashin Mubarak.

Karo na biyu ya zo ne a hannun majalisar sojin da ta karɓi ragama bayan faɗuwar Mubarak. A daren 9 ga Oktoba, 2011, Kiristoci Kibɗawa suka yi jerin gwano zuwa Maspero, ginin rediyo da talabijin na gwamnati, don nuna fushinsu kan rushe wata coci a kudancin ƙasar. Motocin sulke suka kutsa cikinsu, mutane fiye da 20 suka mutu. Alaa ya kwana a asibiti tare da iyalan mamatan, yana lallashinsu su amince a binciki gawarwakin domin a sami shaida, sannan ya rubuta abin da idonsa ya gani. Masu gabatar da ƙara na soja suka kira shi a ranar 30 ga watan, suka zarge shi da tunzura jama'a, shi kuma ya ƙi amsa tambayoyinsu, bisa hujjar cewa soja ba zai zama mai bincike a kan laifin da shi ake zargi da aikatawa ba. Yana tsare aka haifi ɗansa a farkon Disamba, aka raɗa masa suna Khalid, don tunawa da matashin Iskandariyya, kamar yadda shi ma mahaifin Alaa yana tsare aka haifi Mona, ƙanwar Alaa. Aka sake shi ranar 25 ga Disamba. Ko a ɗan gajeren mulkin Shugaba Muhammad Mursi bai tsira ba, domin a Maris na 2013 an ba da umarnin kama shi bisa zargin tunzura jama'a a kan 'Yan Uwa Musulmi.

Bayan sojoji ƙarƙashin Janar Abdul Fattah al-Sisi sun tumɓuke Mursi a ranar 3 ga Yuli, 2013, sai aka shiga wani zamani dabam. A ranar 24 ga Nuwamba aka kafa dokar da ta haramta taron zanga-zanga ba tare da izinin 'yan sanda ba, kuma bayan kwana biyu aka gwada ta a kan wasu 'yan tsiraru da suka taru a ƙofar Majalisar Shura suna adawa da gurfanar da farar hula a kotun soja. A daren 28 ga watan jami'ai suka fasa ƙofar gidan Alaa, suka doke shi, suka kwashe wayoyi da kwamfutoci, suka tafi da shi. A Yuni na 2014 kotu ta yanke masa shekara 15 ba ya cikin zauren. Da aka sake shari'ar, sai aka mayar da hukuncin shekara biyar a Fabrairu na 2015. A tsakanin waɗannan hukunce-hukunce biyu mahaifinsa ya rasu, ranar 27 ga Agusta, 2014, alhali Alaa da autarsu Sanaa duka suna ɗaure, sai cikin fararen kayan fursuna da rakiyar jami'ai suka halarci jana'iza. 'Yan watanni kafin rasuwarsa, dattijon ya tsaya a gaban 'yan jarida ya nemi gafarar ɗansa, cewa ya so ya gadar masa ƙasa mai 'yanci, sai ga shi ya gadar masa ɗakin kurkukun da shi kansa ya zauna a ciki.

Shekaru biyar ɗin da Alaa ya yi a rufe su ne shekarun da gwamnatin Masar ta gina wa kanta katanga ta dokoki a kewayen intanet. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2015 ta faɗaɗa ma'anar ta'addanci har ta iya haɗiye rubutu da magana. A Afrilu na 2017 aka ayyana dokar ta-ɓaci a faɗin ƙasar bayan hare-haren da aka kai kan coci biyu a Tanta da Iskandariyya, abin da ya dawo da kotunan tsaron ƙasa waɗanda ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinsu. Daga Mayu na shekarar aka soma toshe shafukan labarai, ciki har da Mada Masr da Aljazeera, har adadinsu ya kai ɗaruruwa. A 2018 aka ƙara dokoki biyu: ta laifukan intanet, da ta tsara kafofin yaɗa labarai, wadda ta tanadi cewa duk mai shafin sada zumunta da mabiyansa suka kai 5,000 za a iya yi masa hukunci irin na gidan jarida. Sai dai makamin da ya fi waɗannan duka aiki shi ne tsarewa kafin shari'a. Ofishin mai gabatar da ƙara na tsaron ƙasa yana sabunta tsare mutum kowane kwana 15, daga bisani alƙali ya riƙa sabuntawa kowane kwana 45, kuma ko da yake doka ta ƙayyade shekara biyu a matsayin iyaka, da zarar wa'adin ya kusa cika sai a buɗe wa mutumin sabon fayil da zarge-zarge irin na farko, lissafi ya koma daga tushe. Lauyoyin Masar suna kiran wannan dabara tadwir. Zarge-zargen kuwa kusan kullum guda uku ne: shiga ƙungiyar ta'addanci, yaɗa labaran ƙarya, da amfani da kafofin sada zumunta ta hanyar da ba ta dace ba.

A ranar 29 ga Maris, 2019 aka buɗe wa Alaa ƙofa, amma rabin 'yanci aka ba shi. Hukuncinsa ya ƙunshi ƙarin shekara biyar na sa ido, wato kowace rana da ƙarfe shida na yamma zai miƙa kansa ga ofishin 'yan sanda na Dokki, a kulle shi a wani ɗan ƙaramin ɗaki, sai ƙarfe shida na safe ya fito. Cikin sa'o'i goma sha biyun da suka rage masa yake neman sanin ɗansa, wanda ya bari yana ɗan shekara biyu ya tarar yana ɗan bakwai, yake kuma ɗan leƙa shafinsa na Facebook. A cikin waɗannan watanni ne ya ga wani saƙo da wani ya rubuta kan mutuwar wani fursuna a gidan yarin Tora, inda ake zargin wani jami'i da hannu a ciki, ya danna ya yaɗa shi. Ba shi ya rubuta saƙon ba, kuma saƙon bai kira kowa ya ɗauki makami ba.

A daidai wannan lokaci wani ɗan kwangila mai suna Muhammad Ali, wanda ya yi shekaru yana yi wa sojojin Masar gine-gine kafin ya tsere zuwa Sifaniya, ya soma sakin bidiyo yana zargin shugaban ƙasa Sisi da manyan hafsoshi da ɓarnatar da dukiyar jama'a wajen gina fadoji. A ranar 20 ga Satumba mutane suka fito a Alƙahira da Suez da wasu garuruwa, ba da yawa ba, amma abin ya girgiza hukuma domin an daɗe ba a ga irinsa ba. Martanin ya zarce zanga-zangar nesa ba kusa ba. 'Yan sanda suka riƙa tare masu wucewa a tsakiyar birni suna karɓar wayoyinsu, suna buɗe Facebook da WhatsApp suna karantawa a nan bakin titi, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙi na ƙasar sun ƙirga dubban mutane da aka kama cikin 'yan makonni. Alaa bai halarci zanga-zangar ba, kuma ba zai iya ba, tunda dare yana riskarsa a kulle. Duk da haka, da safiyar 29 ga Satumba mahaifiyarsa ta je ɗaukarsa a ƙofar ofishin Dokki kamar yadda ta saba, bai fito ba. Da lauyansa Muhammad al-Baƙir ya bi shi ofishin mai gabatar da ƙara domin ya tsaya masa, sai shi ma aka kama shi a nan take, aka saka shi cikin fayil ɗaya da wanda ya zo karewa.

An kai su sashe na biyu mai tsananin tsaro na gidan yarin Tora, inda Alaa ya shaida wa masu bincike cewa an rufe masa ido, an tuɓe shi, an doke shi a ranar da ya shiga. Fiye da shekara biyu ya yi ba katifa, ba littafi, ba agogo, ba a fitar da shi ya sha rana. Da annobar korona ta zo a 2020 aka dakatar da ziyara, sai wasiƙa ta zama ita ce kaɗai shaidar cewa mutum yana raye, kuma ko ita ana hanawa. Laila Soueif, tana da shekara 64, ta riƙa zuwa ƙofar Tora ta zauna a gefen titi daga safe har dare tana jiran takarda ɗaya da rubutun hannun ɗanta. A watan Yuni ita da 'ya'yanta mata biyu suka kwana a wurin, da asuba wasu mata suka far musu da duka suka ƙwace kayansu a gaban masu gadi. Washegari da suka je ofishin babban mai gabatar da ƙara don shigar da koke, sai wasu cikin farin kaya suka tura Sanaa cikin mota a bakin ƙofa. A Maris na 2021 aka yanke mata wata 18, ita ma bisa zargin yaɗa labaran ƙarya, saboda abin da ta rubuta kan halin da fursunoni ke ciki a lokacin annobar.

Wa'adin shekara biyu na tsare Alaa ya cika a ƙarshen Satumba na 2021, kuma bisa doka ya kamata a sake shi. Abin da aka yi shi ne aka tsamo zargin yaɗa labaran ƙarya daga cikin tsohon fayil, aka ba shi sabuwar lamba, aka miƙa shi ga kotun tsaron ƙasa ta dokar ta-ɓaci a tsakiyar Oktoba, tare da al-Baƙir da wani mai shafin intanet, Muhammad Ibrahim, wanda aka fi sani da Oxygen. Bayan kwanaki kaɗan, ranar 25 ga Oktoba, Shugaba Sisi ya sanar da ɗage dokar ta-ɓaci, amma shari'un da aka riga aka miƙa suka ci gaba a waɗannan kotuna. Lauyoyi ba su sami kwafin fayil ɗin ba, kuma ba su gabatar da kariya yadda ya kamata ba. A ranar 20 ga Disamba aka yanke wa Alaa shekara biyar, sauran biyun shekara huɗu-huɗu, babu damar ɗaukaka ƙara. Shugaban ƙasa ya tabbatar da hukuncin ranar 3 ga Janairu, 2022, kuma wannan kwanan wata ne hukuma za ta riƙe daga baya.

Tun da ƙofar kotu ta rufe, sai iyalin suka koma ga abin da ya rage musu, wato jikinsu da kuma idon duniya. A ƙarshen 2021 Alaa ya sami takardar zama ɗan Birtaniya ta hanyar mahaifiyarsa, amma Masar ta ƙi barin jami'an ofishin jakadanci su gan shi. Ranar 2 ga Afrilu, 2022 ya shiga yajin cin abinci, ya shafe watanni yana rayuwa da shayi da cokalin zuma da ɗan madara, ko bayan an mayar da shi gidan yarin Wadi al-Natrun inda ya sami katifa da littattafai. Masar na shirin karɓar taron sauyin yanayi na duniya, COP27, a Sharm al-Sheikh, kuma a ranar 6 ga Nuwamba da aka buɗe taron ya daina shan ruwa. Shugabannin Birtaniya da Faransa da Jamus suka ɗaga maganarsa a gaban Sisi, Sanaa, wadda ta riga ta fito daga kurkuku, ta tsaya a zauren taron ta yi wa 'yan jaridar duniya bayani, mahaifiyarsa kuma ta koma zaman ƙofar gidan yari. Kwanaki suka wuce babu labari, har sai da wasiƙa ta fito a tsakiyar watan cewa yana raye kuma ya janye yajin. Daga baya iyalin suka ji cewa ya yanke jiki ya faɗi, aka yi masa ƙarin ruwa. Taro ya watse, baƙi suka koma ƙasashensu, shi kuma ya ci gaba da zama. A Yuli na 2023 aka yi wa al-Baƙir afuwa, ba a haɗa da shi ba.

Ranar 29 ga Satumba, 2024 shekara biyar ta cika cif daga ranar da aka kama shi. Dokar shari'ar laifuka ta Masar ta tanadi a cire kwanakin da mutum ya yi a tsare daga cikin hukuncinsa, amma hukuma ta ce shekaru biyun farko na tsohon fayil ne, wanda ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba, don haka lissafi zai fara daga ranar tabbatarwa ya ƙare ranar 3 ga Janairu, 2027. A nan ne ainihin zaluncin wannan shari'a ya bayyana ƙarara, domin an ɗauki shekara biyu da wata uku na rayuwar mutum an ce ba a san inda za a rubuta su ba. Laila Soueif, malamar lissafi mai shekara 68, ta ƙi amincewa da wannan lissafi, ta daina cin abinci tun daga ranar. Ta koma Landan, inda ta riƙa zama kan kujera a ƙofar Downing Street, fadar firaministan Birtaniya, cikin hunturu, ba ta shan komai sai shayi da baƙin gahawa da ruwan gishiri. A ƙarshen Fabrairu na 2025 aka kwantar da ita a asibitin St Thomas, likitoci suka yi gargaɗin cewa tana iya mutuwa farat ɗaya; Firaminista Keir Starmer ya kira Sisi ta waya, ta sassauta yajin, sannan ta koma masa gaba ɗaya a watan Mayu da ta ga shiru, aka sake kwantar da ita. A cikin watan ne kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai bin diddigin tsarewa ba bisa ƙa'ida ba ya yanke cewa tsare Alaa ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa, ya nemi a sake shi nan take.

A watan Yuli kotu ta cire sunansa daga jerin 'yan ta'adda da aka saka shi tun 2020, mahaifiyarsa kuma ta janye yajinta bayan fiye da wata tara. A ranar 22 ga Satumba, 2025, bayan roƙon da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta gwamnati ta gabatar, Sisi ya yi wa Alaa afuwa tare da wasu fursunoni biyar, kuma cikin daren ya isa gidan mahaifiyarsa, saura mako guda ya cika shekara shida a wannan zama na ƙarshe. A ƙarshen Disamba ya isa Birtaniya wurin ɗansa Khalid, wanda ya kai shekara 14. Isarsa ke da wuya aka tono wasu tsofaffin rubuce-rubucensa na Twitter na fiye da shekara goma da suka wuce, masu kaushi da kiran tashin hankali, irin waɗanda suka sa aka janye sunansa daga takarar lambar yabo ta Sakharov a 2014. 'Yan adawa suka nemi a ƙwace masa takardar zama ɗan ƙasa, shi kuma ya fito ya nemi gafara. Tarihi mai adalci ba zai ɓoye wannan ba, kamar yadda ba zai bari a cakuɗa shi da abin da ya faru a kotu ba: ba waɗannan kalamai aka gabatar a gaban alƙali a 2021 ba, saƙo ne kan mutuwar fursuna.

Afuwa aka yi masa, ba a wanke shi ba, don haka hukuncin 20 ga Disamba, 2021 yana nan a rubuce a matsayin daidai. Dokar zanga-zanga ta 2013 da dokokin 2018 ba su gushe ba, kuma a daren da aka yi murna a gidan Laila Soueif, Muhammad Oxygen, wanda aka kama a wata ɗaya da Alaa aka kuma yanke masa shekara huɗu, yana cikin kurkuku.